Baƙar fata, farar jallabiya: inda na kai a zanen mutanen Bab Makka

'Yan'uwa masu koyo, tun bayan babbar sallah na ajiye kwafar hotuna daga waya, na koma zana mutum yana zaune a gabana. Abin da ya fi cinye mini lokaci a wannan tsakanin shi ne fata. Yawancin darussan da muke kallo a YouTube a kan farar fata aka gina su, inda takarda ke tsayawa a matsayin fuska, mai zane ya ɗan shafa inuwa nan da can, shi ke nan. Mu kuwa a nan Jidda, wajen Bab Makka, tsohuwar ƙofar garin, mutanenmu baƙaƙe ne ko wankan tarwaɗa, cikin farar jallabiya, ga rana mai dukan ido. Lissafin daban ne.

A farar takarda, kafin ka kai duhun fatar Bahaushe sai ka yi ta jibga fensir 6B, wato mai laushi da duhu sosai, shi kuma idan ya yi yawa ƙyalli yake kamar gindin tukunyar alminiyam, duk aikin ya dushe. Saboda haka na koma takarda mai ruwan toka, mai kaurin giram 160, da fensirin gawayi da farin fensir. Na same su a Jarir, kantin littattafai da kayan rubutu. Ita takardar ce ke zama tsaka-tsakin launin fata, gawayi ya sauko da duhu, fari ya ɗauko haske. Sharaɗi ɗaya ne: kada farin ya taɓa baƙin. A bar takarda tsirara a tsakaninsu. Da zarar sun gauraya sai fuskar ta yi furu-furu, mutum lafiyayye ya koma mara lafiya.

Wanda na fi zama da shi wani dattijo ne mai sayar da asuwaki kusa da ƙofar. Ranar farko na durƙusa muka gaisa, na ce, "Baba, don Allah ina neman izini in zana ka." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yaro, duk samarin garin nan ka rasa, sai fuskar tsoho?" Na ce ai ta tsohon ce ke da abin zanawa. Ya yi dariya, ya gyara hularsa, ya ci gaba da fiƙe asuwakinsa.

Ga abin da na gani a fuskarsa bayan la'asar, kuma shi nake so ku je ku duba da idonku. Haske biyu ne a kanta. Na sama yana sauka a goshi da doron hanci da saman kunci, ƙarami ne, mai kaifin baki, saboda gumi da maiƙon fata, har yana ɗan ɗaukar shuɗin sararin sama. Na biyun daga ƙasa yake tasowa: rana ta bugi farar jallabiya, jallabiyar ta mayar da ita ƙarƙashin haɓa da ƙasan hanci da fatar da ke ƙarƙashin gira. Wato wurin da darasi ya ce ka cika da inuwa, a nan Jidda sau da yawa a haske yake. Amma hasken ƙasan nan bai kai na sama ƙarfi ba, don haka ba na sa masa farin fensir ko kaɗan. Gawayin nake ɗagewa da magogin nan mai laushi da ake murzawa a hannu, har takarda ta leƙo. Duhu na gaske kuwa wurare kaɗan ne: gindin hula, ƙofofin hanci, kusurwar baki, da layin da ke tsakanin leɓɓa. Farin ido ma ba fari ba ne, a inuwar gira yake. In ka ba shi farin da ka ba hula, Baba zai fito a firgice.

Yana da tsage a kumatu, daga gefen baki zuwa wajen kunne. Tsaga rami ce, ba layi ba. Gefen da ke fuskantar rana yana da siririn haske, ɗaya gefen yana da siririn duhu, sannan dole ta lanƙwashe ta bi tudun kunci. In aka ja ta miƙe sai kuncin ya baje. Tabon sallah da ke goshinsa kuma ba shi da iyaka mai kaifi, da ɗan yatsa nake shafa shi.

Maganar awo ba zan daɗe a kanta ba, kun san ta: ido a tsakiyar kai, faɗin fuska kamar ido biyar, kunne tsakanin gira da gindin hanci. Sai dai hula tana ruɗi. Tana rufe saman kai, sai hannu ya so ya tura idanu sama. Ku fara zana ƙoƙon kai cikakke, sannan ku ɗora masa hular.

Izini kam ba abin wasa ba ne a ƙasar nan. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamarar waya. Ko babu doka, mutanenmu da yawa a nan ba sa son a ɗauki fuskarsu, kowa da dalilinsa. Wata Hajiya mai sayar da gyaɗa da kuka ta ce mini, "Ɗan nan, fuska dai a'a, amma ga hannu." Hannun nata na zana, da lalle da awarwaro, yana ƙulla leda, kuma a ganina ya fi zanen fuskoki da dama da ke littafina. Game da hukuncin zana mai rai, malamai sun yi bayani kuma akwai saɓani, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi.

Mai son ganin yadda ake riƙe farin tufa ya nemi ayyukan Safiyya Binzagar, 'yar Jidda, wadda aka haifa a 1940 ta rasu a 2024. Rayuwar Hijaz ta yau da kullum ta zana, bukukuwa da sutura da zaman gida, kuma ita da Munira Musali suka yi baje kolin nan na 1968 da ake yawan ambata a tarihin zanen Saudiyya. Ku lura da ninkin tufafinta, za ku ga farin ba launi ɗaya ba ne.

Yanzu na fara taɓa fentin ruwa a takarda giram 300. Ban sayi baƙi ba. Jar ƙasa da shuɗi mai duhu nake haɗawa, in ƙara jan a kunci, in ƙara shuɗin a goshi. Danshin Jidda yana hana shafin farko bushewa a waje, a ɗaki kuma mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana busar da shi kafin in wanke buroshi, don haka zanen fensir a kasuwa nake yi, fenti a gida, da kwalbar fesa ruwa a gefe. Gemun Baba ne aikin makon gobe. Zan gwada barin farar takarda a wurin furfura, in zagaye ta da duhun wuya, maimakon in zana gashin ɗaya bayan ɗaya.