Ruwan wankin famfon feshi, ina yake zuwa?

Idan aka yi maganar guba a ruwa a nan yankinmu hankalin kowa kan masunci yake tafiya, wai mai zuba gamalin a gulbi kifi ya taso ya yi fari a kwashe da kwando. Eh, ana yi, kuma mummunan abu ne, dokar kamun kifi ta 1992 ma ta hana su da guba ko da nakiya. Shi wannan Gammalin 20 ɗin sinadarin lindan ne a ciki, wanda tun 2009 aka saka shi a jerin gubar da yarjejeniyar Stockholm ta ƙasashen duniya ta ce a kawar. Kafin zuwansa ma kakanninmu suna da magimfa, a daka ganyen a zuba a kududdufi, sai dai ita magimfa rana da zafi suna karya ƙarfinta cikin ɗan lokaci, shi kuwa lindan zama yake yi a laka. To amma ni dai a ganina mun fi yawan zagin masunci ne don shi ake gani da ido, alhali abin da ke shiga kogin Gongola daga gonakinmu kowace damina da kowane rani ya fi nasa yawa nesa ba kusa ba.

Ku je fadamun Dadin Kowa lokacin noman rani da hantsi ku tsaya ku kalla. Yaro ɗan feshi zai zo da famfonsa a baya, lita 16 ko 20, ba takalmi ba safar hannu, ya tsuguna bakin kwata ya cika famfon da ruwa, ya auna magani da gwangwanin madara, in ya zuba ya ga kamar bai yi kauri ba ya ƙara rabi don mai gona ya ce yana so ciyawa ta ƙone kafin la'asar. Kumfa na tasowa tana zuba a ƙasa. In ya gama aiki nan dai zai dawo ya ɗauraye famfon, ya juye ruwan fari fat kamar nono cikin kwatar, ya wanke ƙafa, robar maganin kuma a cillata gefe ko a kai gida a zuba manja. Na tambayi ɗaya daga cikinsu, ƙanen abokina ne, ya ce "Haba Yaya, ai ruwa ne mai gudu, yanzu zai tafi da shi." Gaskiya ne zai tafi da shi ɗin. Tambayar ita ce ina.

Abin da masu bincike suka gano shi ne magungunan nan ba hanya ɗaya suke bi wajen yi wa halittun ruwa illa ba. Akwai irin su Sniper da danginsa, su jijiya suke kamawa, suna toshe wani sinadari a jiki wanda aikinsa shi ne ya tsayar da saƙon da jijiya ta aika wa tsoka, to in an toshe shi tsoka ba ta hutawa, shi ya sa za ka ga kifi yana iyo a karkace yana juyi yana tasowa sama neman iska. Akwai irin su Karate da saifametrin da muke fesa wa wake da tumatir, waɗannan ga mutum da akuya ba su kai na farko haɗari ba amma ga kifi bala'i ne, domin ta inda yake numfashi suke shiga kai tsaye kuma hantarsa ba ta iya narkar da su da wuri. Abin da ba zai sa ɗan feshi ko tari ba ya isa ya kashe 'ya'yan karfasa a ƙaramin tafki. Irin wannan dangin maganin ne ma a jikin gidan sauron da ake rabawa a asibiti, wanda wasu ke maida shi taru suna jan ƙananan kifi.

Amma mutuwar nan take ba ita ta fi damuna ba. Binciken da ya tsaya mini a rai na ƙasar Japan ne, kuma ya yi kama da namu sosai don maganar shinkafa ce. Akwai wani tafki mai suna Shinji da gonakin shinkafa suka kewaye shi. A 1993 manoman wurin suka fara amfani da sabon maganin kwari irin wanda shuka ke shanyewa, dangin imidakulofirid, wanda yanzu haka yana nan a shagunan maganin gona na Gombe da sunaye kala-kala. Ba wanda ya ga kifi ya taso a mace. Sai kawai kamun wani ƙaramin kifi da suke yi ya faɗo daga kusan tan 240 a shekara zuwa tan 22, kuma bai sake komawa yadda yake ba. Wata malama Masumi Yamamuro ta Jami'ar Tokyo da abokan aikinta suka bi tsofaffin alƙaluma suka fitar da sakamako a 2019: maganin bai kashe kifin ba, ƙananan halittun ruwa da tsutsotsin laka da kifin ke ci ne suka ƙare, ƙananan halittun nan sun ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Yunwa ce ta gama da su. Kifin da bai dogara da waɗannan halittun ba shi bai ragu ba, wannan ne ma ya ƙara nuna inda matsalar take.

Yanzu ka ɗauki wannan ka kawo nan. Masunci ya ce maka kurungu da ragon ruwa sun yi wuya, sai mu ce ai masunta ne suka yi yawa, ko raga ce ta yi ƙananan ido, ko laka ta cike dam. Duk suna iya zama gaskiya, ruwa ba ya tsami banza. Amma wa ke duba ko abincin kifin yana nan?

Sai kuma maganar taruwa a jiki. Wannan tsohon labari ne a wajen masana, tun shekarun 1950 a wani tafki a Kalifoniya ta Amurka da aka zuba DDD, ɗan'uwan DDT, don kashe ƙananan ƙudaje masu damun masu yawon shaƙatawa. Ɗan kaɗan aka zuba, kashi 1 cikin miliyan 50 na ruwa. Ƙananan halittu suka sha, ƙananan kifi suka ci su, manyan kifi suka ci ƙanana, tsuntsayen da ke nutso suka ci manya, da tsuntsayen suka fara mutuwa aka auna kitsensu sai aka tarar maganin ya ninka na cikin ruwa har sau 80,000. Dalili shi ne irin waɗannan ba sa narkewa a ruwa, kitse suke bi, in sun shiga ba fita. Kenan giwan ruwa da babbar tarwada, waɗanda mu muka fi so a miya kuma suka fi tsada, su ne ke saman wannan jerin, mu kuma muna samansu. DDT da lindan da endosulfan duk an hana su, endosulfan a 2011, amma hanawa a takarda ba ta kwashe wanda ya riga ya kwanta a ƙasan ruwa.

Maganin ciyawa fa, wanda yanzu kusan ya kori fartanya daga gona? Atrazin da muke fesa wa masara yana bin ruwan sama sosai kuma yana daɗewa, shi ya sa Tarayyar Turai ta daina yarda da shi tun wajen 2004 saboda yadda yake shiga ruwan ƙarƙashin ƙasa. Wani malami a Jami'ar Kalifoniya, Tyrone Hayes, ya gwada shi a kan kwaɗi, nau'in Afirka ma kuwa, a 2010 ya ba da rahoton cewa kusan 1 cikin 10 na mazan da suka tashi cikin ruwa mai ɗan atrazin sun koma mata har suna yin ƙwai. Kamfanin da ke yin maganin ya musanta, an sha rigima, wasu binciken ba su samu irin sakamakonsa ba, don haka ba zan ce magana ta ƙare ba. NAFDAC dai ta sanar da janye atrazin da parakwat, wani maganin ciyawar, daga kasuwa. Ku shiga kasuwar ƙauye ranar ci ku duba tabarmar masu maganin gona, ku ne za ku ba ni labari.

Taki ma yana da nasa, in ya yi yawa a ruwa gansakuka ta yi kore shar, ta mutu ta ruɓe ta cinye iskar da kifi ke shaƙa, da asuba a tarar da su a sama baki buɗe. Wannan masu kiwon tarwada a tanki sun fi kowa saninsa.

Inda nake da ƙorafi shi ne irin binciken da muka fi yi a nan. Ɗalibi zai sayo 'ya'yan tarwada, ya raba su a robobi, ya zuba magani mataki-mataki, ya ƙirga nawa suka mutu cikin awa 96, ya fitar da adadin da ke kashe rabinsu, wani ya ƙara da duba jini da hanta, a ɗaure furojet da baƙin bango a ajiye a kanta. Ba na raina shi, da shi ake gane wane magani ya fi wane dafi. Amma tarwada kifi ce mai taurin rai, tana rayuwa a ruwan da sauran ba za su kwana ba, in ka auna da ita kaɗai sai komai ya zama kamar da sauƙi. Kuma a gulbi ba magani ɗaya kifi ke haɗuwa da shi ba, gauraye ne, na ciyawa da na kwari da taki da baƙin man injin ban ruwa, kuma yawanci a lokaci ɗaya suke zubowa, ruwan farko mai ƙarfi bayan an yi feshi, daidai lokacin da kifi ke hawa fadama yin ƙwai. Su mutanen Shinji abin da ya taimake su shi ne an yi shekaru ana rubuta kamun masunta da auna ruwa tun kafin 1993, shi ya sa aka iya nuna shekarar da abu ya karye.

Muna da Jami'ar Jihar Gombe, muna da ta Kashere, ga kwalejin noman lambu a Dadin Kowa kanta a bakin ruwan, ga jami'ar ATBU a Bauchi kusa da dam ɗin Gubi. Littafi ɗaya a hannun sarkin ruwa ana rubuta irin kifin da aka fito da shi da nauyinsa kowace kasuwa, da kwalbar ruwa da ta laka duk wata daga wuri uku ko huɗu, sama da dam da ƙasansa, ba wani kuɗi ne na tashin hankali ba. Dam ɗin Dadin Kowa da aka gama a 1984 shi ne dai ke ba garin Gombe ruwan famfo, kuma abin da ya wuce shi dam ɗin Kiri zai je, daga can ya faɗa Binuwai a Numan. Sakamakon kuma a faɗe shi da Hausa a rediyo kafin damina, lokacin da 'yan feshi ke gyara famfunansu, a ce musu ruwan ɗauraya a juye shi cikin gonar da aka fesa, nesa da kwata, robar kuma a huda ta kada wani ya ɗauka.