Fuskar Tereza a jikin iccen maɗaci

Shekara goma sha ɗaya na yi a gaban Baba ina sassaƙa kafin a ba ni aikin da ya fi ƙarfin hannuna. Turmi da taɓarya, akushi, kujerar tsugunno, ƙotar gatari da ta hauya, su ne abincinmu, ranar Alhamis mu kwasa zuwa kasuwar Dole. Baba ba shi ya haife ni ba. Maƙwabcinmu ne a Sabon Gari, Musulmi mai kiyaye salla, ni kuwa a gidan Katolika na tashi. Tun ina ɗan yaro mahaifina ya danƙa ni a hannunsa, bai taɓa bambanta ni da 'ya'yan cikinsa ba.

Wata rana Fada, limamin majami'armu, ya aiko a kira ni. Yana son mutum-mutumin Waliyyiya Tereza, mai tsayin mita ɗaya da 'yan kai, don wata 'yar majami'a da aka sa wa sunanta. Galibin waɗanda muke gani na farar ƙasa ne da ake zubawa a mazubi can ƙasashen waje, ga tsada, ga shi kafin su iso Damagaram hanya ta karya yatsa ko ta ɓantare hanci. Ya ce yana son na icce, kuma daga hannun ɗan gari. Na amsa a take, don a zatona wanda ya iya fafe turmi ya iya komai.

Da na gaya wa Baba, ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce, "Ɗana, ni ba na sassaƙa siffar mai rai, addinina ya hane ni, ka kuwa sani. Amma icce na san shi. Kada ka saya sai na gani." Ya cika alkawari. Har wajen Matamaye muka je tare, inda iskar damina ta kayar da wani tsohon maɗaci, muka karɓi takarda wurin ma'aikatan gandun daji, ya zagaya gungumen yana ƙwanƙwasa shi da ƙotar gizago yana saurare. Ya ce a tsaga shi biyu a fitar da zuciyar, a shafe bakunan da kakin zuma, a jingine a inuwa, kada in taɓa sai ya shekara.

Ban bi ba. Ɗoki ya ɗebe ni, na yanki wani guntu sukutum da zuciyarsa na fara aiki a ɓoye bayan wata uku. Na fitar da kafaɗu, na fitar da mayafi, abin ya fara kama da mutum. Sai hunturu ya sauko. Wani dare ina kwance na ji ƙara kamar an karya kara, da safe na tarar tsaga ta taso daga gindi har ƙirji, yatsana yana shiga ciki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: bayan icce yana rigan cikinsa bushewa, yana kuma tsukewa a kewaye fiye da yadda yake tsukewa zuwa tsakiya, don haka in an bar zuciyar dole ya nemi inda zai buɗe. Iskar hunturu ta garinmu kuwa ba ta barin laima a jikin komai, ko leɓen mutum. Baba ya duba, bai yi faɗa ba. Ya ce in ajiye shi inda zan riƙa ganinsa kullum. Daga baya na ji cewa masassaƙan majami'un Turai na da can ma sukan rarake bayan mutum-mutumi saboda wannan matsalar, na kuwa yi haka a na biyun.

Shekarar jiran nan ita ta ba ni damar sanin wadda zan sassaƙa. A da sunanta kawai na sani da ranar idinta, 1 ga Oktoba. An haife ta a Alanson ta ƙasar Faransa a 1873, ta shiga gidan zuhudu na Karmel a Liziyo tana da shekara 15, tarin fuka ya ɗauke ta a 1897 tana da 24. Fafaroma Piyus na 11 ya sa ta cikin waliyyai a 1925, bayan shekara biyu kuma aka naɗa ta majiɓinciyar masu kai bishara ƙasashe, ita da ba ta sake fita daga wannan gida ba tun da ta shiga. Kowane waliyyi yana da alamar da ake gane shi da ita, domin wanda bai iya karatu ba ya gane: Bitrus da mabuɗai, Yusufu da Yaro Yesu a hannu ko kayan kafinta. Tereza kuwa riga mai ruwan ƙasa, farin mayafi a kafaɗa, baƙin lulluɓi, ta rungume gicciye da furannin wardi. In ka sauya waɗannan ka sassaƙa wata daban. Wasu abokaina sun ce in mai da ita Bahaushiya, har da ɗaurin kallabi. Na fahimci abin da suke so, amma ban yarda ba. Ita ba kamar manzannin Yesu ba ce da babu wanda ya san kamanninsu. Yayarta Selin ta ɗauke ta hotuna, suna nan har yau, ba ni da ikon ba ta fuskar da ba tata ba.

Fuskar ce ta kusa kayar da ni. Jijiyar maɗaci a murɗe take, in ka bi ta nan lafiya, ka matsa kaɗan sai wuƙa ta tsinko tsoka, don haka kumatu da gefen hanci sai da magagari da takardar guga. Na yi sati uku a kai. Na ja hanci siriri, na buɗe idanu manya, na sa murmushi. A ganina ban taɓa yin abu mai kyan wannan ba. Sai wata tsohuwa daga cikin matan zumunta na majami'armu, wadda muke kira Inna, ta shigo gaishe da mahaifiyata. Na yaye zanen da na rufe aikin da shi ina jiran yabo. Ta tsaya ta duba sosai, ta ce, "Ɗan nan, kyau kam ta yi kyau. Amma wannan ba ta taɓa kwana da ciwo ba. Me zan gaya mata?"

Maganar ta hana ni barci. Na koma kan hoton da Fada ya ba ni, na dube shi kamar ban taɓa gani ba. Fuska ce mai faɗi, haɓa mai ƙarfi, leɓe a rufe, idanu a natse, da gajiya a ƙarƙashinsu. Ni kuwa gwanintata na sassaƙa, ina so duk wanda ya shigo ya tambayi wane ne ya yi. Inna ta binne 'ya'ya biyu. In ta durƙusa a majami'a, so take ta tuna da wadda ta sha wuya ba ta saki Allah ba, ta roƙe ta ta taya ta addu'a. Sassaƙa ragi ce, abin da ka cire ba ya dawowa, sai na shiga da fuskar gaba ɗaya ciki da kusan rabin yatsa, na sauke fatar ido, na shafe murmushin sai ɗan alamarsa a gefen baki. Da yake a kan dakali za a ɗora ta, na sunkuyar da kan kaɗan don ta dubi wanda ke ƙasa, ba bangon baya ba.

A nan na fahimci abin da aka koya mana a katikisim, wato darasin addini, ina yaro ban riƙe ba. A gari kalma ɗaya ake kiran wannan aiki da ita, gunki, kuma kalmar tana da zafi. Tun a taron shugabannin Ikilisiya na biyu a garin Nikiya, a shekara ta 787, Ikilisiya ta yanke cewa sujada ta Allah ce shi kaɗai, girmamawar da ake yi wa siffa kuwa tana wucewa zuwa ga wanda aka siffanta. Ni da na ga iccen nan yana kwance cikin laka, na cire masa ɓawo, na san icce ne. Ban taɓa ƙoƙarin jawo Baba ga ra'ayina ba, shi ma bai ja ni ba. Amma ba a zaure na yi aikin ba, a ƙuryar ɗaki na yi. Wanda ya ga ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 a nan Zinder, da aka ƙona majami'u hayaƙi ya tashi, ya san abin da ya sa. Mu a gidan Baba muka kwana a daren nan, shi yana zaune a ƙofa har asuba.

Fenti kaɗan na sa, a lulluɓi da mayafi kawai. Rigar na bar ta da jan maɗacin, na shafe da mai har sau uku. Furannin wardi kuwa daga na roba na kwaikwaya, wanda na saya a wani butiki, na kwance shi ganye-ganye don in ga yadda suke hawa kan juna.

Dakalin da take tsaye a kai Baba ne ya yi, da ƙirya, don gara ba ta iya mata. Ya zana masa dagi irin na bangayen tsohuwar unguwar Birni, ya ƙi karɓar ko dala. Ya ce dakali dakali ne. Ranar idinta muka naɗe ta da bargo muka kai, Fada ya yi addu'a ya yayyafa ruwa mai albarka. Inna tana layin gaba, ba ta waiwayo ta neme ni ba, bakinta yana motsi.

Duk shekara, da kaka ta wuce kafin iska ta juya, nakan je da kwalbar mai da tsumma. In juya ta in leƙa ramin bayan, in duba gindin dakali ko gara ta yi gini. Bara na ga wata siririyar tsaga a gefen mayafi, kamar gashi, na cike ta da kaki. Bana ba ta ƙaru ba.