Eskabetar da muka sayo daga Turai, da yadda ta yi da gas ɗinmu

Ni da yayana mun daɗe muna kai yashi da jar ƙasa wuraren gine-gine a Zariya da tifofi biyu, kuma duk sa'ad da muka sami aikin cike fili ko haƙa harsashin babban gini sai mun ɗauki hayar eskabeta, wadda kuɗin yininta da gas ɗinta da ladan lobed ɗin da zai kawo ta ya mayar sukan cinye mafi yawan ribar. Wannan ne ya sa muka tara abin da ya sawwaƙa domin mu mallaki tamu, ko da kuwa ta gwanjo ce.

Wani dillali a Beljiyam ya turo mana hotunan guda biyu. Ta farko Caterpillar 320 ce ƙirar farkon shekarun 2000, mai nauyin tan 20 da ɗoriya, fentinta ya koɗe, kujerarta ta yage. Ta biyu kuwa ta wani kamfani ce daban, ƙirar 2016, awoyin aikinta ba su kai rabin na waccan ba, ga ta fes har da na'urar sanyaya ɗakin direba. Yaya ya ce a ɗauki tsohuwar, ni kuwa na kafe a kan sabuwar, domin a tunanina injin da bai sha wahala ba shi ne zai daɗe. Ya bar ni da zaɓina, ban kuma ji daɗin wannan nasara ba daga baya.

Batun shigo da ita ba zan tsawaita shi ba. An buɗe Form M, wato takardar shigo da kaya, a banki, kwastan suka fitar da takardar PAAR ta ƙimanta kaya kafin su iso, aka tuƙa ta cikin jirgin ruwa a Antwerp ta Beljiyam aka sauke ta a tashar Tin Can da ke Legas. Abin da ya ƙona mana rai shi ne canji, domin a watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kwastan kuwa da canjin dala suke lissafa haraji, saboda haka kasafin da muka yi a takarda ya rushe tun jirgin yana bisa teku. Kowace rana da ta ƙara kwana a tashar kuma akwai kuɗin ajiya. Daga ƙarshe lobed ya ɗauko ta, ya yi tafiyar fiye da kilomita 800, muka tarye ta a Kwangila kamar masu tarbar mahajjaci.

Watannin farko ta yi aiki kamar ba gobe a wani ramin jar ƙasa da ke hanyar Basawa. Wata safiya sai direba ya kira ni ya ce fitila ta kama a allon gabansa, hannun eskabetar kuma ya yi sanyi, bokitin da yake cika tifa cikin 'yan mintoci yanzu da ƙyar yake ɗagawa. Bakaniken da muka ɗauko dattijo ne da ya yi shekaru yana kwance injinan katafila. Ya buɗe murfin gefe, ya ga wani ƙaramin tanki mai shuɗin marfi kusa da na gas, ya goge hannunsa da tsumma, ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan ciwon ba na sufana ba ne, sai mai kwamfuta."

A ranar na fara sanin abin da ya kamata in sani tun kafin in biya ko sisi. Daga 2014 dokokin hayaƙi a Turai da Amurka sun tsananta, har ya zama manyan injinan da ake ƙerawa domin kasuwanninsu suna zuwa da na'urorin tsaftace hayaƙi: wani ruwa da ake kira AdBlue, wanda haɗin yuriya ne da tataccen ruwa da ake fesawa cikin salansa, sannan da yawa daga cikinsu suna da matatar da ke kama baƙin hayaƙi. An tsara su ne domin gas mai ƙarancin farar wuta ƙwarai, wanda a Turai ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan. Mu kuwa gas ɗin da muke zubawa a daji daga durom yake fitowa, wani lokaci da ruwa a ƙasansa, ga ƙurar hunturu tana bi ta kowace kafa. Da zarar na'urorin sun toshe ko sun ga abin da bai yi musu ba, ƙwaƙwalwar injin da kanta take rage masa ƙarfi, kuma babu lallashin da zai sa ta janye.

Sai daga Kaduna muka samo mai kwamfutar, ya jona, ya gano na'urar da ta mutu, muka yi oda muka zauna jira kusan wata guda a tsakiyar rani, lokacin da kowane mai gini yake rige-rigen gamawa kafin damina. A ramin da ke maƙwabtaka da namu kuwa wata tsohuwar 320, irin wadda na raina, tana ta tuttula hayaƙi tana cika tifofi, har da namu, domin dole muka koma sayen lodi a wurinsu. Idan tiyonta ya fashe, kafin la'asar an matse wani a Sabon Gari, idan kuma babban ƙarfe ne, ba a rasa na gwanjo a kasuwar Panteka da ke Kaduna. Yaya bai ce mini komai ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ba cewa nake yi duk tsohon inji alheri ba ne. Agogon awoyi ana iya sauya shi, saboda haka a nemi adadin da ke cikin ƙwaƙwalwar injin, a kuma gwada shi da yadda fedoji da sandunan tuƙi suka cinye. A duba sarƙar tafiya da rololinta, domin sabunta su yana cikin gyare-gyare mafi tsada, a girgiza bokiti a ga ko fil-fil ɗinsa sun yi wasa, a sa a ɗauki bidiyon tayar da injin da sanyin safiya ba bayan ya yi zafi ba. Amma tambayar da ta fi waɗannan duka ita ce wace kasuwa aka ƙera wa injin, tun da kamfanonin nan suna da samfurin da suke yi wa ƙasashen da dokar hayaƙinsu ba ta tsananta ba, kuma irinsu sun fi yawa a gwanjon Dubai, ko da yake zafi da rairayin can suna da tasu ɓarnar.

Eskabetar tamu tana aiki yanzu a wajen Shika. Gidan mai ɗaya muke sayen gas, mu bar shi ya kwanta a tanki kafin a tace a zuba, jarkokin AdBlue kuma suna ajiye a inuwa cikin shagon Yaya. Mun fara maganar sayen gireda baɗi, kuma dillalin ya riga ya san cewa wannan karon wayar Yaya zai riƙa tura wa hotunan.