Abin da na gani a bayan bamba

Ƙarshen watan nan zan kwashe akwatin kayan aikina daga garejin da na shekara takwas a cikinsa. An yi yaye, an raba goro, Oga ya sa mini albarka a gaban jama'a. Na gode masa har zuciya, don shi ya koya mini riƙon guduma. Amma akwai wata jif da har yau in na tuna ta sai in ji maƙogwarona ya bushe. Tunda yara biyu za su bi ni sabon wuri, gara in faɗi labarinta kafin in fara yi musu faɗa kamar ban taɓa ɓata aiki ba.

Toyota 4Runner ce ta 1999, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 1996 da 2002, masu bambar ƙarfe mai sheƙi. Tokunbo ce, ta Kwatano ta shigo. Kyan ɗan maciji gare ta: fenti lafiya, kujeru lafiya, inji na kaɗawa shiru. Mai ita wani Alhaji ne ɗan kasuwar hatsi, kuma abu ɗaya ya dame shi. Bambar baya ta huje a kusurwa biyu, ta gaba ta fara ƙuraje. Ya ce a canza su, ya gaji da yaran unguwa suna zura yatsa a ramin.

Aka samo masu kyau a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa, aka ba ni cirewa. Na sauke safaya daga ƙarƙashi, na shiga rami. Tun dare na jiƙa notinan da man birki, duk da haka biyu suka karye a sifana, ɗaya sai da na hura masa wuta. Da bambar ta fito, sai ga bakin shasi, daidai inda ƙafarta ke kamawa, ya kumbura yana ɓarewa falle-falle kamar ɓawon albasa. Na ɗauki sukudireba na danna, ko ƙarfi ban sa ba. Ta shige har mariƙi. Da na zaro, jan gari ya zubo mini a fuska.

Mu a Kano ba mu saba da irin wannan ba. Iskarmu busasshiya ce, mota sai ta tsufa tsatsarta ba ta wuce fata ba. Wannan kuwa daga ƙasar ƙanƙara ta fito. A jihohin arewacin Amurka irin su Ohayo da Mishigan da Niyok, da kuma Kanada, gishiri ake watsa wa titi da hunturu don ƙanƙara ta narke. Shasin irin wannan mota kamar dogon akwati yake, rufe ko'ina sai 'yan ramuka. Ruwan gishiri ya shiga, ya zauna da laka, ya yi ta cin ƙarfen daga ciki, kafin ya nuna a waje ya riga ya gama ɓarna. Daga baya na ji cewa a 2008 kamfanin Toyota ya tsawaita garantin shasin a-kori-kurarsa mai suna Tacoma na 1995 zuwa 2000 har shekara 15 saboda wannan ciwon, ya ma saye wasu daga hannun masu su. A can ke nan. A nan ba mai saya a hannunka sai 'yan gwangwan.

Na fito na kira Oga. "Oga, zo ka gani, shasin nan ya mutu." Ya leƙa, ya ƙwanƙwasa da bayan sifana, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. "Kuɗin bamba aka biya ko na shasi?" Na ce na bamba. "To ɗaura bamba. Ɗana masa walda, shafe da fila, fesa baƙi. Gobe Alhaji zai yi tafiya."

Na yi kuwa, da hannuna. Kowa ya san walda ba ta kama tsatsa. Duk inda na ɗora sanda sai wurin ya ƙone ya buɗe baki, ina ta bin gefe ina neman ɗan inda zai riƙe. Na cike da fila, ƙullun nan da ake toshe ramin jikin mota da shi, na goge da sanfefa, na fesa baƙin fenti mai kauri. Wallahi ya yi kyau. Washegari Alhaji ya zagaya motar, ya shafa bambar, ya ba ni na shan ruwa, ya ce, "Yaro, hannunka na da kyau." Maganar tana kan harshena. Na ce, "Na gode, ranka ya daɗe."

Da damina ta kankama motar ta kafe a laka a hanyar wani ƙauye. Aka ɗaura mata sarƙa ta baya, wata a-kori-kura ta ja. Bambar ta fizge da guntun shasi a jikinta, ta tashi sama ta tarwatsa gilashin bayan motar da ke ja. Yaron mota na tsaye kusa, taku biyu ne ya raba su.

Alhaji ya dawo da bambar a but, ya dire ta tsakiyar gareji, filata na manne a kan tsatsa kowa na gani. Oga ya juya ta da ƙafa, ya ɗago ya dube ni. "Kai! Wa ya sa ka wannan ha'incin? Ka ga abu haka ba za ka gaya mini ba?" Gaban Alhaji, gaban masu fenti, gaban yaran da nake koya wa riƙon sanfefa. Wata uku ana yankar kuɗin gilashin daga ɗan abin da ake ba ni. Ban ce uffan ba. Masu fenti suka ce yaron nan akwai ladabi. Ni na san tsoro ne, wanda ya rufe mini baki ranar farko shi ya sake rufe shi. Har yau Oga bai taɓa ta da zancen ba, ko da wasa. Ranar yaye da yake cewa ban taɓa ba shi kunya ba, ƙasa na duba ina ƙirga tsakuwa.

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai, ni aka bar wa gyaran, kuma wannan karon ba mai cewa gobe. Kwana tara na yi. Na cire batir, na sauke tankin mai kafin in kunna wuta. Na yi ta yanka har na kai inda ƙarfe ya fito fari, guduma ta taɓa ya amsa da ƙara. Na auna da kwali, na yanko faranti mai kaurin shasin, na walda, na ɗora wani a kan mahaɗar don kada ɗinkin ya tsage. Inda tsatsar ta tsaya a fata na bi da buroshin waya, sannan na shafa maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik, wanda ke mai da jan nan baƙi ya daskare. Ba ya dawo da ƙarfen da ya tafi, wanda ya rage kawai yake karewa. Sai firaima, sai fenti. Cikin shasin na wanke shi da ruwa mai ƙarfi, na buɗe ramukan zubar ruwa da laka ta toshe, rana ta busar, na fesa mai. A nan na tarar bututun birkin baya ma ya kusa hujewa, abin da ba wanda ya taɓa dubawa, har ni.

Sauran darussan gajeru ne. Fila tana shan ruwa, ba a ɗora ta sai a kan ƙarfe mai tsabta. Baƙar robar da ake fesawa a kan tsatsa bargo ce kake lulluɓa mata. Tokunbon da ƙarƙashinta ke ƙyallin sabon fenti, tafi da mayen ƙarfe da sukudireba kafin ka yi ciniki. Abin da ka gani a rami kuma, ɗauke shi da wayarka ka nuna wa mai mota da kanka, ko maigidanka na tsaye a wurin. Musamman ma in yana tsaye.

Motar tana kan titi har yanzu. Makon jiya Alhaji ya ja ni gefe ya tambayi kwatancen sabon wurina.

Guntun shasin nan da fila a jikinsa na ajiye shi tun ranar. Jiya ina shirya akwati Oga ya hango shi a hannuna, ya ce mene ne wannan. Na ce tsohon ƙarfe ne, Oga. Ya ce in jefa wa 'yan gwangwan, kada in cika akwati da shara. Na ce a'a, zan yi amfani da shi.