Ayaba mai jure sanyi daga ƙwaya: inda aka kwana a Kano

'Yan uwa masu koyon shuka, assalamu alaikum. Da yawanku kun tambaya ko ƙwayar ayabar da na binne a farkon hunturu ta fito. Ta fito, amma ba duka ba, kuma ba lokaci ɗaya ba.

Na san sababbin shiga za su ce, yaushe kuma ayaba ta yi ƙwaya? Wadda motoci ke kawowa daga kudu ake saukewa a 'Yan Lemo ba ta da ita. Ɗigo-ɗigon baƙin da kake gani a tsakiyarta ƙwaya ce da ba ta ƙulla ba, shi ya sa manoma ke yaɗa ta da 'ya'yan da ke tsirowa a gindin uwa. Ayabar daji kuwa cike take da baƙar ƙwaya mai tauri, idan ka tauna da ganganci sai haƙori ya gaya maka. A cikin na dajin nan ake samun masu jure sanyi, domin asalinsu 'yan kan tsauni ne.

Iri biyu na sa. Ta farko Musa velutina, daga yankin Assam a arewa maso gabashin Indiya. Gajera ce, ba ta wuce tsayin mutum da yawa, 'ya'yanta ruwan hoda ne masu gashi-gashi, kuma idan sun nuna ɓawon kan tsage ya buɗe da kansa. Ta biyu Musa sikkimensis, daga Sikkim da Darjilin a gindin tsaunukan Himalaya, inda take tsiro har wajen mita 2,000 sama da teku. Akwai wata da ta fi su suna, Musa basjoo, 'yar asalin ƙasar Sin da aka daɗe ana nomawa a Japan. Ita ce ta fi kowace juriya, amma 'ya'yanta ba sa ciyuwa, don haka ban ɓata mata wuri ba. Gidanmu na cikin gari ba shi da filin ado.

Ƙwayar velutina wani mai lambun furanni a Jos ya ba ni, ya ciro ta daga 'ya'yan da suka nuna a satin, da damshinta. Ta sikkimensis kuwa a 'yar takarda ta zo, busasshiya ƙayau, ba wanda ya san yaushe aka cire ta. Ku riƙe wannan bambancin, domin shi ya raba gardama daga baya.

Na jiƙa su duka a ruwan ɗumi kwana biyu, ina canza ruwan safe da yamma. Waɗanda suka taso sama na zubar, yawanci fanko ne. Wasu na cewa a goga ɓawon da takardar yashi don ruwa ya shiga. Ni ban yi ba, kuma ba na ba da shawarar a yi: da zarar ka zarce ka kai ga farin ciki, ruɓa ta samu ƙofa. Ƙasar da na haɗa yashi ne wankakke da ƙonannen ɓuntun shinkafa, na kwarara mata tafasasshen ruwa na bari ta huce. Ban sa taki ba, ƙwaya tana da guzurinta. Na zuba a robar fenti da na huda wa gindi, na binne kowace ƙwaya zurfin rabin gaɓar yatsa, na rufe bakin da farar leda.

Ga inda Kano ta yi mana rana. Ƙwayar ayabar daji ba ta son zafi mai tsayawa wuri ɗaya. Tana so a yi ɗumi da rana, a yi sanyi da dare, kullum ana sauyawa. A daji wannan ne alamar cewa wata bishiya ta faɗi, rana ta samu hanyar dukan ƙasa, lokacin fitowa ya yi. Masu wannan sha'awa a Ingila da Jamus sai sun sayi shimfiɗar lantarki mai ɗumama gindin tukunya, su haɗa da agogon da ke kashe ta da dare. Mu hunturu ya ba mu kyauta. A Disamba da Janairu rana kan kai digiri 30 ko kusa da haka, asuba kuma ta sauko wajen 13 ko 14. Abin da na yi kawai shi ne ajiye robar inda hantsi ke samunta, in janye ta inuwa kafin azahar don kada ledar ta dafa su, in bar ta a tsakar gida ta kwana.

Velutina ta fara motsi cikin wata guda. Wanda bai taɓa gani ba ya sa ido, abin sha'awa ne: a jikin ƙwayar akwai ɗan murfi zagayayye, shi tsiron ke turowa ya fita. Sai ka ga wani farin tsini ya ɓullo daga yashi, washegari ya yi kore, bayan 'yan kwanaki ganyen farko ya fito a naɗe kamar tabarmar da aka jingine a lungu, sannan ya warware a hankali. Fiye da rabi sun fito. Sikkimensis kuwa shiru, sai can bayan wata biyu ɗaya ta leƙo, mai ja-ja a bayan ganye. Sauran suna nan. Kada wanda ya gaji ya kife robarsa, tsohuwar ƙwaya kan yi wata shida kafin ta tashi. Amma dai hukuncina ya tsaya: sabuwar ƙwaya ta fi duk wata dabarar jiƙo.

Da suka yi ganye biyu na raba su a ledar dashe, nan ne na sa ruɓaɓɓen takin shanu kaɗan. Saiwarsu fara ce mai karyewa, a ɗaga da ƙasarta.

Akwai ayabar gida da na dasa bara a bakin magudanar ruwan alwala, ita ta zama ma'aunina. Ayabar da muka sani kan daina girma idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 14, kuma haka na gani: duk tsakiyar hunturu tana tsaye cak, gefen ganyenta ya yi rawaya, iska ta yayyaga shi. Su kuwa ƙananan suna ta fitar da ganye, a hankali dai, amma ba su tsaya ba. Ƙura ce ta fi damunsu, sai na riƙa share ganyen da jiƙaƙƙen tsumma da safe.

Wani abu da masu tallar iri a intanet ba sa fayyacewa: juriyar sanyi daban, haihuwa daban. Abin da ke tsira idan ƙasa ta daskare shi ne gindin da ke binne. Jikin da muke gani a sama ba itace ba ne, kuben ganye ne ya nannaɗe juna, kuma ta tsakiyarsa furen ke bi ya fito. Idan ƙanƙara ta kashe jikin, sai gindin ya sake sabon lale. Shi ya sa a Turai ake naɗe jikin da ciyawa da buhu duk lokacin sanyi, kuma duk da haka da yawa ba sa ganin 'ya'ya. Velutina ta fi cika alkawari saboda sauri, tana iya yin fure cikin shekara guda ko ɗan fiye. Sai dai wanda ke son ayabar da zai ɓare wa yara ya nemi ɗan ayaba ya dasa. Velutina tana da zaƙi, amma tsotsa ake yi ana tofar da ƙwaya.

Mu nan ƙanƙara ba ta cikin lissafinmu. Abin da nake tsoro bazara ce, lokacin da Afrilu ke kai digiri 40, iska ta bushe, ruwan 'yan garuwa ya yi tsada. Tsiron da ya saba da hazon tsauni bai san wannan ba. Na riga na mayar da su ƙarƙashin darbejiya inda rana ba ta samunsu sai da safe, na lulluɓe bakin kowace leda da ɓuntu, ban ruwa kuma asuba da magariba. Rabinsu zan aika Jos kafin zafi ya kankama, a dasa a ƙasa, mu ga wanne rukuni zai riga fure. Sauran ba za su shiga ƙasa ba sai damina ta zauna a Yuni.

'Yan uwa na Jos da Mambila, duk wanda ke da ayaba mai ƙwaya da ta nuna, don Allah kada ya shanya. A wanke ƙwayar, a zuba a yashi mai ɗan damshi cikin leda, a ba direba ya kawo a satin.