Ranar da na daina raɓewa a bakin kwalbati

Keken da na fara hawa na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Rale ne baƙi mai rufin kaca, yakan zauna kowace safiyar Juma'a ya goge shi da tsumma, ya ɗiga wa kacar mai, sannan ya jingine shi a zaure. Malamin makaranta ne, kuma idan ya shigo layi a kan keken nan mutane miƙewa suke yi su gaishe shi. A zamaninsu kamfanin Raleigh har masana'anta gare shi a nan Kano. Keke abin mai rufin asiri ne, ana zuwa neman aure da shi.

Ni kuwa sai da na haura shekara 40 na koma kan sirdi, kuma tilas ce ta mayar da ni. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin mai. Cikin 'yan kwanaki litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, a ƙarshen 2024 kuwa ta tsallake 1,000. Gidana a Rijiyar Zaki yake, wurin aikina can wajen Ƙofar Nassarawa. Na ajiye 'yar motata na koma hawa Adaidaita Sahu, nan ma kuɗin ya gagara. Wata Asabar na shiga kasuwa na sayo keke na hannu mai giya, na kai wa mai gyara ya sauya robar birki da tayar baya. Ran Litinin na kama hanya: Kabuga, Ƙofar Famfo, Gadon Ƙaya, Ƙofar Na'isa, Ɗan Agundi. Minti 40 ya kai ni. Idan gosulo ya haɗu ma nakan riga abokan aikina masu mota isa.

Na ɗauka cinyoyina da ranar Kano ne za su fi ba ni wahala. Ashe bakin mutane ne.

Maigadin wurin aikinmu, wanda shekara da shekaru yake ɗaga mini hannu, ranar farko tsayar da ni ya yi a bakin ƙofa yana tambayar wurin wa na zo. Sai da na yi magana ya gane ni, kunya ta kama shi. Maƙwabcina ya same ni bayan sallar isha, ya sassauta murya ya ce, "Malam, in wani abu ne ya faru ka faɗa mana, ai mun zama ɗaya." Yayana cewa ya yi, "Ko don surukanka ai ka rufa wa kanka asiri." Duk cikinsu babu mai mugun nufi. Sun tashi ne sun tarar a garin nan keke alamar karayar arziki ce, sai yaro, sai leburan kasuwa, sai tsohon da ya shigo daga ƙauye da buhu a kariya.

A kan titi kuwa babu mai sassauta murya. "Kai mai keke, kauce!" "Titin na gidanku ne?" Wani ya matso har ka ji zafin injinsa a ƙafarka sannan ya danna maka hon. Maganganun nan sun shige ni, ba zan ɓoye ba. Na fara jin kamar aron titin na yi, kamar kowane mai mota alfarma yake yi mini. Sai na riƙa maƙalewa can ƙarshen kwalta, daf da bakin kwalbati, inda yashi da fasassun kwalabe da ledoji suke taruwa. A tunanina ladabi ne, kuma nan ne tudun mun tsira.

A wata na huɗu abin ya faru. Na taso aiki gab da magariba, na wuce Gadon Ƙaya ina raɓe a gefena kamar kullum. Wata mata tana tsaye a bakin titi, ta ɗaga hannu. Kafin in ankara wani ɗan sahu ya taho daga bayana ta hagu, ya sha gabana ya tsaya cak. Na damƙe birki biyu lokaci ɗaya. Tayar gaba na kan yashi, sai ta zame. Ta hannun dama kuwa babu wurin kaucewa, don na riga na cinye shi da kaina. Na tafi da kai cikin buɗaɗɗen kwalbati, hannuna na dama ya riga ni isa. Har yanzu ina tuna warin ruwan, da ƙarar tayar baya tana ta juyawa a sama ita kaɗai.

Mutane sun taru, kuma in faɗi gaskiya sun kyauta. Aka ciro ni, wani mai shayi ya kawo ruwa aka wanke mini fuska, ana ta sannu. Ɗan sahun, yaro ne da bai fi shekara 20 ba, jikinsa na rawa, yana ta maimaita magana ɗaya: "Wallahi Baba ban gan ka ba." Wani dattijo kuma daga cikin taron ya ce, "To kai ma Malam, da girmanka, me ya kai ka hawa keke a wannan titin?" Na ga kawuna suna gyaɗawa. Ni ne a ƙasa da jini, ni ne kuma mai laifi.

Tsagewar ƙashi na samu a wuyan hannu, sati shida ban hau ba. A kwanakin nan maganar yaron ce ta fi tsaya mini a rai, don na yarda da shi. Bai gan ni ba. Idonsa fasinja yake nema, sai motar da za ta iya buge shi. Abin da zuciya ta raina, ido tsallake shi yake yi ko da yana gabansa. Ni kuma na taimaka masa, tunda na ɓoye kaina a inda babu mai dubawa.

Wanda ya ƙarasa buɗe mini ido wani tsoho ne mai faci a unguwarmu, da na kai masa keken ya miƙe gargaren gaba da ya lanƙwashe. Yana ɗaure wayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana juya tayar yana kanne ido, na ba shi labari. Bai ɗago ba ya ce, "Ɗana, kai ka ba shi ƙofa. In ka bar fili a hagunka, dole a shiga. Fito a gan ka." Ya ce shi tun ana tuƙi a hannun hagu yake hawa keke, kafin a juya zuwa dama a 1972, kuma mota ba ta taɓa kayar da shi ba.

Tun daga nan nake barin kamar taku ɗaya babba tsakanina da bakin titi. Haka nake bari tsakanina da motar da aka faka, don ƙofa tana iya buɗewa ba sallama. Abin mamaki, hon ya ƙaru amma matsi ya ragu. Direba in ya gan ka a cikin hanya dole ya rage gudu ya kewaye ka kamar yadda zai kewaye baro. In kana maƙale a gefe kuwa, sai ya ga ai akwai wuri, ya wuce yana gogar gwiwar hannunka.

'Yan sahu su ne darasi mafi tsawo. Tun da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013, su ne suka cika gari, kuma gefen da mai keke yake bi nan ne kasuwarsu. Yanzu ba bayan Adaidaitan nake kallo ba. Mutanen da ke tsaye a bakin titi nake kallo. Da na hango an ɗaga hannu, ko an nuna wata nahiya da yatsa, na san yanzu wani zai faɗo, sai in saki feda in ɗora yatsu a birki. In kuma ina kusa da shi, tayarsa ta gaba nake sa wa ido. Sigina tana iya yin ƙarya ko ta mutu, taya kuwa inda ta karkata nan za a je.

Tirela da tifa ba na wasa da su ko kaɗan. Babbar mota in za ta sha kwana dama, sai ta fara buɗewa hagu, ka ga fili ya samu kamar an kira ka. Tayoyin baya kuwa yankowa suke yi ta ciki, su rufe filin nan da duk abin da ke cikinsa. Ba na shiga tsakaninta da gefen titi, ko a danja muke tsaye. In ban hango fuskar direba a madubinsa ba, na san shi ma bai gan ni ba. Gadar ƙasa ma na daina shiga, ta sama nake bi ko da zan ƙara minti biyar, saboda duhu da gudu, ga ruwan da ke kwanciya da damina. Ruwan da ya rufe kwalta ba na ratsa shi sai na ga wani ya wuce, don ban san ramin da ke ƙasa ba. Da azumi kuwa, rabin awar nan kafin shan ruwa, gara in tsaya a masallacin hanya in sha ruwa a can.

Na sayi fitila fara a gaba, ja a baya, masu caji. Maiɗakina ta ɗinka mini ƙyalle mai walƙiya a bayan jakata, ta ce, "Malam, in ba za ka bari ba, to a riƙa hango ka daga nesa." Da hunturu, in hazo ya sauko, har da rana nake kunna su. Na kuma sayi hular kwano irin ta keke, marar nauyi. Yara sukan bi ni da ihu a cikin layi saboda ita. Wanda ya taɓa ganin siminti yana tahowa fuskarsa ba zai cire ta don ihun yara ba.

Mu ma masu keke muna da namu, kuma ba ƙarami ba ne. Kullum sai na yi kiciɓis da mai keke yana tahowa ta hannun da ba nasa ba, wai don ya riƙa ganin motoci. Wani babu birki sam, da silifa yake taka taya. Wani ga goyo a gaba ga goyo a baya, cikin dare, babu ko ɗigon haske. Danja kuwa kamar ba da mu aka kafa ta ba. Duk wanda ya yi haka yana ƙara wa direbobi hujjar raina mu gaba ɗaya. Ni ina tsayawa a danja, ina miƙa hannu kafin in yi kwana, ina waiwayawa mu haɗa ido da direba. In ya ba ni hanya sai in ɗaga masa hannu. Akwai masu bas ɗin da yanzu suka san ni a hanyar nan.

Amma kada a ce duk dabarar mahayi ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Titunanmu don mota aka zana su. A duk hanyata babu taku ɗaya da aka ware wa keke, ga kwalbatoci a buɗe. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma hawa keke, har wata bas ta tura shi rami a Abuja yana kan hanyar zuwa aiki. Abin da mutane suka riƙe daga labarin shi ne dariya. Ƙasar Holan da ake misali da ita yau, ita ma mota ta taɓa cinye titunanta. A 1971 mutum fiye da 3,000 suka mutu a hanyoyinsu, sama da 400 yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga, tsadar mai ta 1973 ta zo ta ƙara, sannan aka dage wajen ware wa keke hanyarsa. Mu ma ga tsadar man ta zo, ga Kano shimfiɗaɗɗiya babu hawa babu gangara. Abin yana ci mini rai in na ga an faɗaɗa titi an manta da mu.

Babban ɗana shekararsa 12, ya dame ni yana son ya riƙa zuwa makaranta a keke. Na saya masa ƙarami. Kowace Asabar bayan sallar asuba, kafin gari ya cika, mukan fita tare. Yana gaba, ni ina bayansa na ɗan fito hagu kaɗan don duk abin da zai taho ya fara tarar da ni. Ina kiran masa: "Waiwaya. Miƙa hannu. Fito daga yashin nan." Makon jiya ya hango wata mata ta ɗaga hannu a bakin titi, ya rage gudu da kansa tun ban yi magana ba. Mahaifiyarsa tana tsaye a ƙofar gida har mu dawo. Ya tambaye ni yaushe zan bar shi ya haura Kabuga shi kaɗai, na ce masa ba bana ba.