Daga Landan zuwa mutanen Zazzau: Baba ta Karo da masu zanen Samaru

Salamu alaikum jama'ar gida, na cikin birni da Tudun Wada da Sabon Gari har Samaru, ina gaisuwa. Sanyin nan dai sai addu'a.

Wani littafi ne ya hana ni sakat kwanan nan, labarin Baba ta Karo. Wata Baturiya Mary Smith ce ta zauna da tsohuwar a Giwa da Zariya tsakanin 1949 da 1950, Baba na ba da labari da Hausa ita tana rubutawa, mijinta M.G. Smith kuma yana can yana bin diddigin sarautar Zazzau. A 1954 littafin ya fito da Turanci. Wallahi in kun ji yadda take warware zancen aure da kishi da ƙawance da bori, da yadda bayi suka watse daga rinji bayan zuwan Turawa, ba kwana-kwana ba ƙumbiya-ƙumbiya, ni dai na fi jin maganarta a kan ta wasu farfesoshin. Amma a laburaren nan ita abin nazari ce kawai, mai tunanin wai wani ne daban, wannan ne ya tsaya min a rai.

Masu nazarin zane a nan kuwa sun san Zariya sosai, saboda ɗaliban kwalejin nan ta Samaru da ta zama ABU a 1962. Su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiya a 1958, suka ce ba za su ƙare a kwaikwayon malamansu Turawa ba, sai sun haɗa da na gida, Okeke ma zanen uli na matan Ibo ya koma wa. Sun burge ni, ba ƙarya.

To amma fa tun zamanin Sarki Abdulkarim, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a da laka da azara, ya ɗaga bakan gizon nan na rufin ciki ba injiniya ba siminti. Wannan ba tunani ba ne? Don bai rubuta a takarda ba?

Don Allah duk wanda ya je Juma'a can ya ɗaga kai ya ɗauko min hoton rufin da waya, wanda ke cikin littafin gine-ginen da na aro baƙi da fari ne kuma duk ya dushe.

Naku, ɗan Tudun Wada a Landan.